Shanun Cikin Kwamfutar Sallau

In kun taɓa shiga karar shanu ta Talata Mafara ran kasuwa, to kun ga Sallau Mai Hoto, ko da ba ku san shi ne ba. Wani ɗan tsamurmurin dattijo ne mai dogon wuya, hularshi ta sha wanki har ta manta kalarta, ga wata baƙar jaka a kafaɗa da ba shi aje ta ƙasa ko wurin alwala, sai dai shi ɗora ta bisa ƙafafu. Ka ce mai tallar maganin basir ne. To wanga mutum da kuke ma kallon banza, shanun da ke cikin jakarshi sun fi na karar nan duka, ko an haɗa da na Bakura da Maradun.

Mutumin Faru ne. Can anka haife shi, can ya yi noma har gemu ya hito, noman kuma bai karɓe shi ba, don Sallau in ya shuka gero tsuntsaye ke biki. Sai ya sayi kyamara ta hannu ya koma ɗaukar hoto: suna, biki, fasfo, 'yan makaranta. Da zaman Faru ya yi wuya, shi da matarshi Nagode sunka kwaso 'yan komatsansu sunka dawo Mafara, wani lungu bayan masu saida itace. Nan ma ba a je ko'ina ba waya ta zo ta kashe sana'ar. Kowace yarinya ta iya murguɗa baki ta ɗauki kanta, wa za ta biya tsoho shi ce mata gyara ɗankwali?

Saniya ce ta tashe shi.

Akwai wani dattijon Bafillace, Ardo Tukur, rugarshi na wajen Birnin Tudu. An taɓa kiran Sallau ɗaukar hoton suna can, shina cikin ɗauka wata jar saniya mai farin goshi, Wule suke ce mata, ta cusa kai bayan mutane ta shiga hoto ba wanda ya gayyace ta. Bayan wani lokaci ɓarayi sunka kore Wule da wasu. Ana nan, sai ga ta a karar Mafara hannun wani dillali, shi ma saye ya yi wurin wanda ya saya wurin wani. Ardo ya ce tashi ce. Ya kira ta, ta yi kuka ta nufo shi, dillalai sunka ce kukan saniya ba shaida ba ne. Rigima na shirin tashi sai Sallau ya tsuguna, ya zaro kwamfutarshi daga jaka ya buɗe bisa gwiwa, ya lalubo hoton sunan nan. Ga Wule, ga tsagar kunnenta, ga ƙahon hagu da ya ɗan karkata. Dillalai sunka leƙa sunka gani. Anka ba Ardo igiya.

Washegari Ardo ya aika ma Sallau shi zo ruga. Bayan an sha gaisuwa an sha nono, ya ce shina so a ɗauki shanunshi duka, ɗaya bayan ɗaya, a aje cikin akwatin nan nashi, wato kwamfutar.

"Amma da sharaɗi, Mai Hoto. Ba ka ƙirgawa. Ba ka hwaɗa ma kowa. Ko matarka."

"Allah shi ja da ran Ardo, ita Nagode ko awakinta ba ta bari in ƙirga."

Ardo bai yi dariya ba. Ya ce, "Rantse."

Sallau ya rantse.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba ne zai ce mi ne ne abin rantsuwa a hoton saniya. To dama can Bafillace ba shi son a ƙirga mishi dukiya. Balle yanzu, da in labari ya kai daji cewa wane na da garke kaza, ba shanun kaɗai ake zuwa ɗauka ba, ɗanka ake ɗauka a ce ka saida su ka kawo. Wanda duk ya san yawan shanun mutum, ran 'ya'yan mutumin ne a hannunshi. Kuma daga Ardo sai 'yan'uwan Ardo, daga su sai surukansu, har manoman Maradun masu shanun huɗa, kowa ya kira Sallau a asirce, kowa ya sa shi ya rantse.

Ku ji yadda yake aikin, don Allah. Zana yake kafawa, a jawo saniya gabanta ita kaɗai, don kar wata ta hito a bayanta. Ya ɗauki dama, ya ɗauki hagu, ya ɗauki fuska, ya ɗauki kunne. Duk tsawon aikin bakinshi na salati da ƙarfi, ba don tsabar ibada ba, wai don kar zuciyarshi ta ƙirga da kanta ba da saninshi ba. Da ya lura kwamfutar ma munafuka ce, tana rubuta yawan hotuna can ƙasa a kusurwa, sai ya yanko baƙin salatif ya liƙe wurin. Har mutum zai ce sikirin ɗin ciwo ya ji. Wallahi shekara da shekaru mutumin nan na ɗauke da dukiyar rabin ƙasa a kafaɗa, bai san ko nawa ba ce, kuma da gangan ya ƙi sani.

Ita kwamfutar, laftof ce da ta ga duniya. Batir ya mutu tun tuni, sai an jona ta da wuta take numfashi. Murfinta da robar taya anka ɗaure shi. In ta tashi, ƙara take kamar injin markaɗe. Amma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Dillalai daga kasuwanni masu nisa sukan turo mishi hoton dabbar da ba su yarda da ita ba, shi jona intanet da wayarshi, shi buɗe hoton babba, shi gwada da nashi, shi ce eh ko a'a. Iyakar abin da ke hita bakinshi ke nan.

Ƙarshen daminar bara sai ta fara hito mishi da wani shuɗin rubutu na Turanci, ya rufe ya dawo, ya rufe ya dawo. Ya ɗauke ta sai shagon Farida, wata yarinya 'yar lungunsu da ta yi karatun kwamfuta, tana buga takardu da gyare-gyare kusa da tasha. Bakinta bai da birki, amma hannunta na da kyau.

Ta karanta ta ce, "Baba Sallau, wagga ba lalacewa ta yi ba. Masu Windos ɗin ne sunka ce za su daina aiko ma irin nata gyaran tsaro."

"Mi ta yi musu?"

"Tsufa ta yi."

"Ni ma na tsufa, ba a daina ba ni tuwo ba."

"Kai ai Inna Nagode ce ke haƙuri da kai."

Sannan ta yi mishi bayani yadda zai gane. Ta ce shi ɗauka kwamfuta gida ce mai katanga. Ɓarayin intanet kullum suna zagaye suna biɗar inda ta tsage, su kuma masu ita suna aiko da yaɓe. To yaɓen ne zai tsaya. Katanga na nan tsaye, amma duk inda ta tsage daga yanzu, haka za ta zamna. Sabon Windos kuma ba shi hawa kan wagga, ƙarfinta bai kai ba.

Sallau ya tuna abin da ke cikinta. Bai ce mata komi ba kan shanu, ya dai ce, "Wanda ya shigo ta tsagar, shina ganin abin da ke ciki?"

"Har shi kwasa."

"Ɗiyata, mi ne ne dabara?"

Ta ce dabara biyu ce. Ko shi canza kwamfuta, ko a yi mata rajista a ƙara mata shekara guda ana aiko da gyaran. Sallau ba shi da halin sabuwa, don haka ta zamna ta buɗe mishi akawun, ta yi rajistar, shi kuma shina tsaye bisa kanta kamar soja don kar hannunta shi kauce wajen hotuna. Ta koya mishi yadda ake juye abu cikin filash, ta sa shi ya yi da hannunshi har ya iya.

Da zai tahi ta ce, "Shekara guda ce, Baba. Ba ta haihuwa."

Shekara kuwa ta kama gudu. Rani ya wuce, bazara ta wuce, ruwa ya sauka, gero ya fara kai, Sallau bai tara abin kirki ba, don masu shanu da nono da man shanu suke sallamarshi, wani ma da addu'a. Ana haka sai ga Nasidi, wani mai yawo kasuwa-kasuwa da wayoyi da kwamfutoci na hannu. Ya ga tsohuwar ya kwashe da dariya.

"Malam Sallau, wagga ai ta yi zamanin Bature. Kawo ta in ba ka wata mai jini a jika, ka cika ɗan abin da ya sawwaƙa. Ina da masu son irinta."

Ya hito da wata siririya mai ruwan toka, ba ƙara, ba roba. Sallau ya shafa ta, ranshi ya biya. Ya ce a ba shi kwana biyu.

Ya koma gida ya rufe ɗaki da rana tsaka. Ya juye shanun duka cikin filash, shina salati. Ya kai filash ɗin wurin baduku anka yi mata gidan fata kamar laya, ya rataya a wuya cikin riga. Sannan ya dawo ya goge komi daga kwamfutar. Ya shiga kwandon shararta ya zubar. Ya sake leƙawa, wayam. Ya kashe ya kunna ya kuma leƙawa, wayam. Shi a wurinshi zance ya ƙare, don tun tasowarshi abin da anka share anka kai juji, ya tahi ke nan.

Allah ya taimaka Sallau mutumin kara ne, ba shi sayen dabba bai sa an duba haƙoranta ba. Sai ya karɓi sabuwar daga hannun Nasidi ya ce zai kai a duba, tsohuwar kuma tana jakarshi tukuna. Farida ta juya ta, ta danna nan ta danna can, ta ce lahiyarta lau, sabon Windos ne a kanta.

"Tsohuwar hwa?"

"Musanye za mu yi. Na share ta tas."

"Da mi ka share ta?"

Ya gaya mata, har da alfahari. Ta dube shi ta ce, "Baba, ka yarda in kira abin da ka share?"

"Kira mu gani. In sun amsa na ba ki hulata."

"Riƙe kayanka, ba ni son ƙwarƙwata."

Ta jona tsohuwar, ta sa wani ɗan abu nata, ta danna. Injin markaɗe ya tashi. Sallau na zamne shina kaɗa ƙafa. Can sai wani ɗan hoto ya ɓullo a sikirin, ja, da fari a goshi. Wule ce, tsaye gaban zana, tana kallonshi. Kafin shi haɗiye miyau wani hoton ya fara hitowa gefenta, wani na biye.

Tsohon nan bai san sadda ya tashi ba. Da hannu biyu ya danne murfin har robar ta tsinke. Ya tsaya a haka, ƙirjinshi bisa kwamfuta, shina haki kamar wanda ya tare bijimi a ƙofa.

Farida ta daina wasa. Ta ce, "Saniya guda na gani, Baba. Ba ni tambayarka komi. Amma abin da na yi yanzu, duk wanda ya ɗan iya zai yi."

Sallau ya koma ya zamna. Abin da ke yawo a kanshi, saura ƙiris da yamma ta yi, da tuni akwatin nan na jakar Nasidi, gobe tana wata kasuwa, jibi Allah kaɗai ya san hannun wa. Kowane garke da sunan mai shi a sama. Sai ya ce, "Ashe ba su tahi ba."

"Suna nan kwance. Sunansu kawai ka cire daga ƙofa."

Ya mayar ma Nasidi da siririyar. Nasidi ya ɓata rai.

"Wato ni ɓarawo ne, Malam Sallau?"

"Ban ce ba. Wa za ka saida ma ita?"

"Wanda ya biya."

"Shi kuma hwa?"

"Ina ruwana da shi?"

"To ka ji."

Kuma gaskiyar Nasidi, shi ɗan kasuwa ne, ba wanda ya taɓa kama shi da komi. Ya yi tsaki ya zuge jakarshi.

Sai ga Sallau da tsohuwar kwamfuta da wa'adinta ya kusa, ba halin wata, ba damar saida wagga. Wani da sai shi yi shiru shi ci gaba da jona ta haka nan, wa zai sani? Shi kuwa, da safe ya hau kabu-kabu sai Birnin Tudu, daga nan ya taka da ƙafa zuwa ruga. Anka gaisa, anka tambayi gida, anka tambayi ruwa, anka tambayi shanu da masu kiwonsu, anka sake tambayar gida. Sannan ya kwance ma Ardo zance tun daga shuɗin rubutu har Wule.

Ardo ya daɗe shina zane ƙasa da sanda.

"Yarinyar ta gani?"

"Wule kaɗai."

"Akwai wankin da ke hidda su duka?"

"Ta ce akwai. Wuni guda ake yi, daga nan ba su dawowa."

"Kai ma haka ka ce, ka share." Ya ɗago kai. "Mai Hoto, ni ban san wanki ba. Abin da ya san sirrin garkena ba shi zuwa kasuwa. A gida za a yanka shi, ina tsaye."

Sallau ya ce in an yanka ta aiki ya tsaya, don ba shi da wata. Ardo ya ce wannan ba maganarshi ba ce. Kafin kasuwa ta zagayo, shi da 'yan'uwanshi sunka ware wani ɗan bijimi anka kora Mafara. Ba wanda ya yi jawabi, igiya kawai anka miƙa ma Sallau. Da kuɗin ya koma wurin Nasidi ya sayi siririyar nan dai, Nasidi na ƙunƙuni shina cewa tsofaffin Mafara sun fi ƙarfinshi. Farida ta sa mata makulli na lambar sirri, ta juya baya tana kallon titi, Sallau ya farke layar wuyanshi ya juye shanun ciki. Abu na farko da ya yi bayan nan, salatif ya yanko.

Ranar yanka, a Bakura anka haɗu, maƙerar Ɗanasabe, don nan ne kusa da Ardo. Farida ta rufe shago ta biyo su da ɗan sukundirebanta, ta ce ko ba a gayyace ta ba sai ta ga ƙarshen wanga abu. Da hantsi, gaban kowa, ta kife tsohuwar bisa tabarma, ta kwance cikinta, ta zaro wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu.

"Ga shi. Duk abin da ta sani nan yake. Sauran gangar jiki ce."

Ɗanasabe ya juya shi a hannu ya ce, "Ardo, wanga ne kuka taso ni dominshi? Ko lauje ba shi yi."

"Ba ƙira na ce ka yi ba. Buɗe."

Maƙerin ya sa kurfi ya ɓamɓare murfin. A ciki sai ga wani ɗan faifai zagayayye, shina walƙiya, ya fi duk madubin da kuka taɓa gani kyau. Ba ƙura, ba tabo, bayan duk yawon da anka sha da shi a hanyoyin Maradun. Kowa ya matso. Ardo ya karɓa da hannu biyu, ya kai kusa da ido, ya karkata shi wajen rana. Ba abin da ya gani sai gemunshi da rawaninshi.

"Nan suke?"

Farida ta ce, "Nan suke, Ardo."

"Da nawa, da na Maradun, da waɗanda sunka mutu?"

"Duka."

Ya ƙara dubawa, ya ce a hankali, "Ikon Allah. Ko kofato ban gani ba." Ya miƙa ma Sallau. Sallau ya riƙe shi ɗan lokaci, ya ce ita dai kwamfutar ba ta taɓa cin amanarshi ba. Sannan da hannunshi ya ɗora faifan bisa uwar maƙera.

Ɗanasabe ya yi bisimilla ya sauke masaba. Duk an zaci lanƙwashewa zai yi irin na ƙarfe, sai ya tarwatse kamar gilashi. Maƙerin ya tattara ɓaraguzan da tsintsiya, har waɗanda sunka faɗa cikin ƙasa, ya zuba cikin garwashi tare da gidan ƙarfen, ya kama zugazugi. Wani hayaƙi mai wari ya tashi, kowa ya ja baya shina toshe hanci, ban da Ardo. Shi tsaye ya yi har wutar ta lafa. Ya sa sanda ya tona tokar, ya juyo wajen Farida.

"Ɗiyata, kira su mu gani."

Ta ce, "Ardo, yanzu ko wanda ya ƙera ta ba shi iyawa."

"Madalla."

Ya kakkaɓe sandarshi, ya saɓa ta bisa kafaɗa, ya yi sallama da maƙeri. Har ya kai bakin rumfa ya waiwayo.

"Mai Hoto, karsanata ta haihu. Ka zo da kyamara ran Alhamis, ka taho da zana, tamu awaki sun cinye."